Ku daina korar masu tambaya daga zumunta

'Yan'uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu, yau sai na faɗa, wanda zai ji haushi ya ji.

Ina aji biyu aka kai hari ƙauyenmu, aka kashe kawuna, ni ina Ibadan ina shirin jarrabawa. Da na tambaya a zumunta ina Allah yake a daren nan, wani shugaba ya ce aljani ne ke magana ta bakina, in yi azumin kwana uku. Haba! Wata biyar ban sake taka coci ba. Lahadi ina kwance da waya, daga TikTok sai cacar ƙwallo, har kuɗin abinci ya tafi. Ba wanda ya neme ni.

Kullum wa'azinmu a kan waya ne da malamin falsafa. To wa ya tura mu wajen wayar? Toma ya ce sai ya gani da idonsa, almajirai ba su kore shi ba, bayan kwana takwas yana cikinsu Yesu ya zo. Ayuba ya yi gardama da Allah, amma abokansa masu amsa a baki aka tsawata wa.

Wata 'yar Zonkwa ce ta dawo da ni. Ba ta min wa'azi ba, tuwo ta kawo, muka karanta Zabura 88 da Hausa, wadda ta ƙare cikin duhu. Har yanzu ina da tambayoyi, kuma ranar Laraba zan zo da su. Shugabanni, ku shirya.