Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ta 1979: Kujerar Kakaki da Tsige Gwamna

Sanin kowa ne cewa a ran 1 ga watan Oktoba na 1979 soja suka miƙa ragamar mulkin Nijeriya ga farar hula, aka shiga Jamhuriya ta Biyu. Tsarin Mulkin da aka kafa a wannan shekara ya yi watsi da tsarin Ingila, ya ɗauko na Amurka, watau inda ake zaɓen gwamna daban, a kuma zaɓi 'yan majalisa daban. Babu inda wannan sabon tsari ya sha gwaji mai tsanani kamar Jihar Kaduna, wadda a lokacin ta haɗa har da ƙasar Katsina da Daura, domin sai a 1987 aka raba su.

Abin da ya faru shi ne, jama'a sun raba ƙafa. Kujerar gwamna suka ba Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na jam'iyyar PRP, wanda ya kayar da Alhaji Lawal Kaita na NPN. Amma a majalisa mai kujeru 99, NPN ce ta kwashe fiye da 60, ta kuma ɗora Alhaji Mamman Abubakar Ɗanmusa a kujerar Kakaki. Aka wayi gari gwamna yana gidan gwamnati da manufarsa, majalisa tana zauren Lugga da tata, kowa yana cewa shi talakawa suka aiko. Kuma ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Wa'adin majalisa shekara 4 ne, kuma Tsarin Mulki ya wajabta mata zama na aƙalla kwana 181 a kowace shekara. Waɗannan kwanaki aro ne daga hannun masu zaɓe, an ba da su domin yin doka, da tantance kasafin kuɗi, da bin diddigin yadda ake kashe dukiyar jama'a. To, kusan rabin wa'adin wannan majalisa a kan rigima ɗaya ya ƙare. Gwamna ya aika da sunayen waɗanda yake so ya naɗa kwamishinoni, majalisa ta ƙi amincewa. Ya sake aikawa, ta sake ƙi. Shi ya kafe a kan ba zai sa 'yan NPN cikin gwamnatinsa ba, su kuma suka kafe a kan ba za su sa hannu ba. Haka ya yi shekara ɗaya da wata takwas da 'yan kai yana mulki ba kwamishina ko ɗaya, har ran 23 ga watan Yuni na 1981 da majalisa ta tsige shi. Shi ne gwamna na farko da aka taɓa yi wa haka a tarihin ƙasar nan. Mataimakinsa, Alhaji Abba Musa Rimi, ya hau kujerar.

Masu goyon bayan majalisa suna da hujjarsu, kuma bai kamata a raina ta ba. Gwamnan da ba shi da rinjaye a majalisa tilas ya nemi sulhu, domin ba a kwana da ɗan maciji a ɗaki a ce ba za a koyi lallami ba. Balarabe mutum ne mai tsayawa a kan aƙida, wanda ya soke haraji da jangali tun farkon hawansa, amma tsayuwar da ta sa talakawa suka so shi ita ce ta hana shi sassautawa a inda siyasa ke bukatar haka. Daɗin daɗawa, jam'iyyarsa ta dare gida biyu a 1980, Santsi da Taɓo, abin da ya ƙara raunana 'yan tsirarun da yake da su a zauren.

Amma duk da haka, mafi girman aibu yana ga irin matsayin da aka ba shugabancin majalisa. Kakaki ɗan jam'iyya ne kafin a zaɓe shi, wannan ba a musu. Sai dai da zarar ya hau kujera, ya zama na zaure baki ɗaya: shi ke ba mai rinjaye dama ya zartar, shi ke kare maras rinjaye ya faɗi albarkacin bakinsa. To, sashe na 170 na Tsarin Mulkin 1979 ya ɗora wa wannan kujera nauyin da ba za ta iya ɗauka ba tare da an zarge ta ba. Kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa su sa hannu a takardar tuhuma, su miƙa wa Kakaki. Kashi biyu cikin uku su amince a yi bincike. Sa'an nan Kakakin nan dai shi ne zai zaɓo mutum 7 da za su yi binciken, da yardar majalisar da ta kawo ƙara. In rahoto ya dawo, majalisar ce za ta yanke hukunci, Kakaki yana shugabantar zaman. Watau mai ƙara shi ya zaɓi alƙali, shi kuma ya zartar. Ko da mutanen nan bakwai waliyyai ne, wa zai gamsar da manomin Funtuwa ko ɗan kasuwar Zariya da ya jefa wa gwamna ƙuri'a cewa an yi adalci?

Har ila yau, sashen ya rufe ƙofar kotu, ya ce ba ta da hurumin duba abin da majalisa ko kwamitin suka yi. Balarabe ya kai ƙara, kotu ta ce hannunta a ɗaure yake. Saboda haka tambayar ko laifuffukan da aka lissafa sun kai a tsige zaɓaɓɓen gwamna, babu wani mai zaman kansa da ya taɓa amsa ta. Tsarin Mulki ma cewa ya yi babban laifi shi ne abin da majalisa ta ga babban laifi ne a ra'ayinta.

Shaidar cewa akwai gyara a nan ita ce, waɗanda suka rubuta Tsarin Mulkin 1999 sun karɓe wannan iko daga hannun Kakaki. A sashe na 188, Babban Jojin jiha ne ke naɗa mutum bakwai ɗin, Kakaki sai dai ya nemi a naɗa. Kotuna ma sun sauya hali. Lokacin da wasu 'yan majalisar Jihar Oyo suka tsige Gwamna Rashidi Ladoja a watan Janairu na 2006 bayan zaman da suka yi a wani otal, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe tsigewar, Kotun Ƙoli ta tabbatar, ya koma kujerarsa kafin shekarar ta ƙare. Hukuncin ya nuna cewa rufe ƙofar kotu ba ya aiki sai in majalisa ta bi matakan da aka gindaya mata ɗaya bayan ɗaya.

Ita kuwa majalisar Kaduna ta ƙarasa wa'adinta a 1983. A zaɓen wannan shekara NPN ta sami abin da ta daɗe tana nema, Lawal Kaita ya zama gwamna, Ɗanmusa kuma ya wuce Majalisar Dattawa a Ikko, inda ya zama Mataimakin Shugabanta. Wata uku kacal suka yi a kan kujerun, soja suka kifar da gwamnati ran 31 ga watan Disamba, aka rufe zauren Lugga.