Kuɗin magani: wa ya kamata ya biya?

Tun ranar 1 ga watan Satumba na shekara ta 2024, da gwamnati ta rage rabin kuɗin da ake biya a likitoci da asibitocin hukuma, ta kuma mai da haihuwa kyauta, wata tsohuwar muhawara ta sake tashi a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa. Wasu na cewa lafiyar talaka nauyin hukuma ce ɗungum. Wasu kuma na cewa abin da ba a biya ba, ba ya ɗorewa. Kafin a yanke hukunci, ya kamata a waiwayi hanyar da ƙasar Nijar ta biyo, domin kowace daga cikin dabarun nan an riga an jarraba ta a nan gida.

Zamanin kyauta

Bayan samun mulkin kai a 1960, ƙa'ida ita ce mai ciwo ya je likita a duba shi, a ba shi magani, ba tare da ya biya ba. A ƙauyuka kuwa, tun shekarun 1960 aka fara horar da masu agajin farko da ungozomomi a jihar Maraɗi, ana ba su akwatin magani. Da kuɗin ƙarfen uraniyom suka shigo a shekarun 1970, an gina likitoci, an ɗauki ma'aikata. Taron Alma-Ata na 1978 ya ƙara ƙarfafa wannan niyya, inda ƙasashen duniya suka yi alkawarin lafiya ga kowa kafin shekara ta 2000.

Amma da farashin uraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, baitulmali ya rame. Sunan kyauta bai gushe ba, sai dai magani ya ƙare a kan kanta. Mai ciwo ya kan yi tafiyar yini, ya komo da takardar sayen magani, alhali farmasi na can birni. Watau talaka ya ci gaba da biya, da kuɗin mota, da kwanakin noma da ya rasa, wani lokaci har da ran ɗansa.

Gwajin Boboye da Sayi

A watan Satumba na 1987, ministocin kiwon lafiya na Afirka suka taru a Bamako tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF. Shawarar da suka tsai da ita ce jama'a su riƙa ba da wani abu, a tara kuɗin a hannun kwamitin gari, a sayi magani mai rahusa da su, don kada likita ta sake zama fanko.

Nijar ba ta yi gaggawa ba. A 1993 aka soma gwada hanya biyu. A gundumar Sayi, mai ciwo ne ke biya a kan kowane ciwon da ya kawo shi: sefa 200 ga babba, watau dala 40, da sefa 100 ga ƙaramin yaro. A gundumar Boboye kuwa, an ƙara sefa 200 a kan lanhon kowane mai biyan lanho a shekara, mai lafiya da maras lafiya, sa'an nan wanda ya zo likita ya ba da sefa 50 kawai, yaro sefa 25. Gundumar Ilela aka bari yadda ta ke, don a sami abin kwatanci.

Sakamakon ya fito sarai. A wuraren biyu magani ya samu. Amma a Boboye ne masu zuwa likita suka ƙaru sosai, musamman matalauta da mata da yara. Dalili a bayyane ya ke: sefa 200 bayan kaka, lokacin da rumbu ya ke cike, ba daidai ba ne da sefa 200 a tsakiyar damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya ke kama yara uku a gida guda kuma hatsi ya ƙare. Duk da haka, bayan dokar 1995 da ta kafa tsarin biyan kuɗin magani, hanyar Sayi ce ta bazu a ƙasa, domin ta fi sauƙin gudanarwa. A daidai lokacin kuma an karya darajar kuɗin sefa da rabi a Janairu na 1994, maganin da ake sayowa waje ya yi tsada.

Komawa ga kyauta

Ƙarancin abinci na 2005 ya tona asirin wannan tsari. Uwaye da dama a jihohin Maraɗi da Damagaram ba su kai 'ya'yansu likita ba sai ciwo ya ci ƙarfinsu, saboda babu kuɗin biya. A ƙarshen 2005 gwamnatin Tanja Mamadu ta mai da tiyatar haihuwa kyauta. A 2006 aka ƙara da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5, da awon ciki, da maganin tazarar haihuwa.

Amfanin wannan mataki ba ya ɓoyuwa. Daga yara 226 cikin 1000 da ke mutuwa kafin su cika shekara 5 a 1998, adadin ya sauka zuwa 128 a 2009. Kyautar magani na cikin dalilan, tare da ƙananan likitocin ƙauye da aka gina, da rabon gidan sauro, da kula da yara masu tamowa.

Sai dai tsarin ya zo da rauninsa. Likita ce ke fara kashe kuɗinta, ta aika takardun lissafi, ta jira baitulmali ya mayar mata. Jiran ya kan kai watanni, har shekaru, bashin da ke kan hukuma ya kai miliyar da dama. Asusun kwamitoci ya ƙafe, magani ya sake yankewa, takardar sayen magani ta komo. Ma'aikacin lafiya ne ya kan sha zargi, alhali kuɗin ba a hannunsa suka maƙale ba.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu goyon bayan biya na cewa kuɗin jama'a ne ke riƙe da likitocin karkara: da su ake sayen magani, da su ake biyan mai gadi da mai karɓar kuɗi. Sun kan kawo misalin famfon ƙauye, inda 'yan kuɗin da ake karɓa a bakin rijiya su ke gyara inji in ya lalace. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Amma ruwa da ciwo ba ɗaya ba ne. Mai gida ya san ruwan da iyalinsa za su sha a wata, yana iya shirya masa. Ciwo kuwa ba ya sallama, kuma kuɗinsa na iya cinye akuya da gona a mako guda.

Masu goyon bayan kyauta na cewa lafiya haƙƙi ce, kuma yaron da aka yi wa rigakafi yana kare 'ya'yan maƙwabta. Wannan ma haka ne. Amma babu maganin da ke faɗowa daga sama. Abin da ake kira kyauta, wani ya biya shi: ko baitulmali, ko ƙasashe masu ba da taimako. Taimakon waje kuwa zanen aro ne. Takunkumin da aka ƙaƙaba wa Nijar bayan Yuli na 2023, da rufe iyakoki da ya tare magunguna a hanya, sun nuna haka.

Darasin maƙwabta

Gana ta kafa inshorar lafiya ta ƙasa a 2003, ta ɗora ta a kan ƙarin kashi 2,5 cikin 100 na harajin saye da sayarwa. Burkina Faso, da ta mai da maganin yara ƙanana da mata masu ciki kyauta a 2016, ta tsara tura wa likitoci kuɗi tun kafin su yi aikin. Kowace na da matsalolinta, amma dukansu sun nemi amsa tambaya guda: daga wane asusu kuɗin za su fito, kuma yaushe?

Abin da ya rage

A Abuja, a watan Afrilu na 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi domin kiwon lafiya. Nijar, kamar yawancin ƙasashen, ba ta kai can ba, kuma fiye da kashi 40 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun iyalai ya ke fita kai tsaye.

Saboda haka ragin da aka yi a 2024 zai tsaya da ƙafafunsa ne in an cika sharuɗɗa uku. Na farko, baitulmali ya cike giɓin da ragin ya bari, kuma a kan lokaci. Na biyu, a komo ga darasin Boboye: a tara gudummawa bayan kaka, daga kowa gwargwadon ƙarfinsa, ɗan kasuwa da ma'aikaci su fi manomi ba da yawa, maras ƙarfi a ɗauke masa. Na uku, kwamitocin likita su riƙa karanta lissafinsu a bainar jama'a. A nan waɗanda suka yi yaƙi da jahilci na da babban aiki, domin wanda ya iya karatu shi ke iya neman rasit, ya duba farashin da aka liƙa a bango.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowa zai biya, amma adalci shi ne a biya lokacin da ake da lafiya, don kada a tsai da uwa a ƙofar likita da ɗanta a goye ana lissafin dala.