Audugarmu Ta Tafi Sabuwa, Ta Komo Gwanjo

 Ya ku malamai da attajirai da fatake, maganarmu ta wanga mako a kan tufafi take, da hannuwan da ke ɗinka su, da abin da ke shiga aljihun masu hannuwan nan.

Duk wanda ya ratsa ta wajen 'yan gwanjo a babbar kasuwar Sakkwato, ya ɗauki taguwa ya juya wuyanta, zai ga wani ɗan ƙyalle da rubutun boko. In ya sa yaro ya karanta masa, sau da yawa zai ji an ce Bangaladesh. Ƙasa ce ta Musulmi can gabas da Indiya, mutanenta wajen miliyan 170, alhazanmu sun saba ganinsu a Makka da Madina. Audugar da suke nomawa ba ta taka kara ta karya ba, saye suke yi, kuma kaso babba na abin da suke saye daga nan yammacin Afirka yake fitowa, daga Benin wadda dā ake kira Dahome, da Mali, da Burkina Faso. A loda ta cikin jirgin ruwa a Kwatano, a sauke a Citagon, a kaɗa ta, a saƙa, a yanka, a ɗinka. Bature ya saya ya sa har ya gaji da ita, sa'an nan a matse ta cikin dila, ta komo Kwatano, ta biyo mota ta iske mu nan. Ladan kaɗi da na saƙa da na ɗinki duk can ya tsaya, mu kuwa mun sayar da hatsi mun sayi dusa.

Dā ba haka al'amarin yake ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Allah Ya jiƙansa, cikin littafinsa Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa kula da masu sana'a cikin wajiban mai mulki, ya kuwa ambaci maɗinka da marina a cikinsu. Har gobe akwai unguwa a birnin nan da ake kira Marina. Bajamushen nan Barth, wanda anka sani da Abdulkarimu, ya shiga Kano cikin 1851, ya iso ƙasar Sakkwato cikin 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano kaɗai ke fitarwa a shekara ba su kasa na wuri miliyan 300 ba, kuma wajen kayan raƙumi 300 ke tafiya Tambutu. Turkuɗi da kore da saƙi sun kai Agadas da Barno da Gwanja da Tarabulus.

A dubi yawan hannuwan da riga guda ke ratsawa a lokacin nan. Manomi ya noma kaɗa. Mata cikin kulle su gurje ta, su shiɓe, su kaɗa da mazari, da kuɗin zaren nan uwa ke tara wa ɗiyarta kayan ɗaki. Masaƙi ya saƙa, marini ya tsoma a karofi, mabugi ya buga har ta yi ƙyalli. Sa'an nan aikin allura, aska biyu ko aska takwas, wanda galibi malamai da manyan almajirai ke yi a zaure tsakanin karatun safe da na yamma, da shi suke ci ba su roƙi kowa ba. Daga nan sai dillali, sai madugu. Amma kada mu yabi dā har mu ɓoye aibinta: auduga mai yawa bayi ne sunka noma ta cikin rumada, ba su da lada sai abin sawa a baka. Tun can ke nan akwai tambayar haƙƙin mai aiki a cikin wagga sana'a.

Da Turawa sunka ci ƙasa, bukatarsu ɗanyar auduga ce don masaƙunsu na Ingila. Sunka kafa injin gurza a Zariya da Funtuwa da Gusau, jirgin ƙasa ya kai Ƙauran Namoda cikin 1929, auduga ta riƙa gangarawa teku, akoko yana hawowa. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya so ya juya akalar. Cikin 1957 anka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, wasu sunka biyo baya a Kaduna da Kano, Gusau ma ta sami tata. Wajen 1980 masaƙun Nijeriya sun fi 100, kuma babu wata sana'ar inji da ta kai su ɗaukar ma'aikata. Sai wutar lantarki ta yi ƙaranci. Daga 1986 darajar naira ta faɗi, kayan gyaran inji sunka yi tsada. Cikin 1997 anka ɗage hanin shigo da yadi, atamfar Sin mai arha ta malalo, wata ta ƙofa, wata ta barauniyar hanya daga wajen Maraɗi da Ƙonni. Mu faɗi gaskiya, cikinmu akwai waɗanda sunka yi arziki da wannan fatauci. Kaduna Textiles ta rufe cikin 2002, United Nigerian Textiles ta tsai da aikinta na Kaduna cikin 2007, ma'aikata da yawa sunka rasu suna jiran kuɗin sallama.

To, yaya Bangaladesh, wadda sai 1971 ta rabu da Pakistan cikin yaƙi da talauci, ta zama maɗinkar duniya? Asalin abin wata yarjejeniya ce ta 1974, da ƙasashen Turai da Amurka sunka yanka wa wasu ƙasashe iyakar tufafin da za su shigar musu. Koriya ta Kudu ta cika rabonta, sai wani kamfaninta mai suna Daewoo ya nemi inda ba a yi wa iyaka ba. Ya haɗa kai da wani mutumin Bangaladesh, Nurul Ƙadir, mai kamfanin Desh. Cikin 1979 anka tura mutum 130 Koriya, sunka yi watanni suna koyon yanka da ɗinki da awo da cika alkawarin lokaci. Da sunka komo, ba a jima ba mafi yawansu sunka fita sunka buɗe nasu. Daga wannan iri gona ta cika. Yau tufafi sun fi kashi 80 cikin 100 na abin da ƙasar ke sayarwa waje, kuɗinsu a shekara ya haura dala biliyan 35, Sin kaɗai ke gabanta a fili, kuma mutum wajen miliyan 4 ke ci daga ciki, fiye da rabinsu mata, galibi 'yan ƙauye.

Akwai abin lura a nan ga masu uwar kuɗi. Mu da masaƙa munka fara, ita kuwa masaƙa tana son dukiya mai yawa da wuta ba yankewa da ruwa mai yawa. Su da ɗinki sunka fara, wanda bukatarsa keke da hannu da tsari, sai daga baya sunka gina masaƙu da ribar ɗinki. Maƙwabtanmu na Benin sun ɗauki darasin: sun kafa unguwar masana'antu a Glo-Djigbé kusa da Kwatano, cikin 2023 sunka fara aika tufafin yara zuwa Amurka.

Amma kowa ya ga zuma ya ga wuta. Ran 24 ga Afrilu 2013 wani bene mai hawa 8, Rana Plaza, ya rufta a Sabar kusa da Dakka, babban birninsu. Tun jajibirin ranar an ga bango ya tsage, duk da haka anka tilasta wa maɗinka su koma ciki, don kaya na jiran jirgi. Mutum 1,134 sunka riga mu gidan gaskiya, wajen 2,500 sunka jikkata. Watanni 5 kafin wannan, gobara ta cinye fiye da mutum 110 a wata ma'aikata, Tazreen, da yawansu ba su sami ƙofar fita ba. Bayan haka ne kamfanonin waje fiye da 200 sunka sa hannu a riƙa duba gine-gine, abin kuwa ya yi amfani, sai dai bayan an cika maƙabarta. Batun lada kuma, cikin 2023 ma'aikata sunka fito tituna suna neman taka 23,000 a wata, anka yanka musu 12,500, watau kimanin dala 113 a lokacin. Dalili shi ne mai sayen kayan yana Turai, in an ƙara masa kwabo sai ya koma wata ƙasa. Habasha ta ɗanɗana irin wannan: ta gina ma'aikatun ɗinki a Hawasa cikin 2016, da Amurka ta janye mata rangwamen kwastan a farkon 2022 sai dubban ma'aikata sunka rasa aiki. Mai ɗinka wa baƙo tufar baƙo, abincinsa na hannun baƙo.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne, ba a taguwar Bature rabonmu yake ba. In munka ce za mu yi tseren arha da Bangaladesh, da wutar da muke da ita da nisanmu da teku, sai dai mu matse ma'aikaci fiye da yadda sunka matse nasu, wannan kuwa ba riba ce da Musulmi zai so ya tashi da ita gobe ƙiyama ba. Rabonmu yana cikin tufar da mu munka san sirrinta: babbar riga da kaftani da hula da zanen mata. Masu sa su suna Ƙonni da Tawa da Yamai, suna zangon Kumasi da na Ankara, suna Kamaru da Cadi da Sudan da Jidda, har Ingila da Amurka. Ko shaddar Getzner da ake saƙawa a Ostiriya, ba ta zama riga sai ta ratsa hannun telanmu da mai aikin wuya. Kasuwar tana nan tun zamanin madugai, tsari ne babu.

Tsarin kuwa ba boyayye ba ne. Tela ɗaya da keke ɗaya da yara biyu ba ya iya karɓar aikin riga 500. Attajirai su haɗa teloli 20 ko 30 ƙarƙashin rufi ɗaya, da wutar hasken rana, bisa ƙirali yadda malamai sunka bayyana shi, wani ya ba da uwar kuɗi wani ya yi aiki a raba riba bisa sharaɗi sananne. A tsai da awo ɗaya, ƙarami da matsakaici da babba, don mai saye a Kumasi ya aiko ba sai ya zo an gwada shi ba. Sai cika alkawari. Kowa ya san abin da ke faruwa a shagon tela daren Salla, ana ta ba da haƙuri. Baƙon da ke wata ƙasa ba ya jin haƙuri, in ka saɓa masa sau ɗaya ya tafi ke nan.

Ku kuma malamai, babin ijara yana cikin littattafan da kuke karantarwa kullum. Ku fitar da shi daga zaure ku kai shi kasuwa. A san aiki, a san lada tun kafin a fara, a biya ba jinkiri. Yaron da ya shekara 5 yana koyo a shago, har ya zama shi ke ɗinka rabin kayan, ba ya halatta a ci gaba da sallamarsa da kuɗin tuwo. Matar da ta yi sati biyu tana ɗinkin hula a ɗaka, a sanar da ita abin da anka sayar, kada dillali ya ci kashi biyu ya miƙa mata ɗaya. Ɗakin da anka tara mutane aiki a ba shi ƙofa biyu, kada a kulle shi da kwaɗo don tsoron satar zare. Kuma ku tuna wa almajirai manya cewa allura sana'ar magabatansu ce.

Abin da ya sa muke matsa wagga magana, ku dubi samarin da ke zaune bakin tasha ba aikin fari ba na baƙi, ku dubi gonakin gabashin Sakkwato da Zamfara da 'yan bindiga sunka hana nomawa, har jama'a sunka cika birni. Hannun da bai sami allura ba, wani zai miƙa masa abin da ya fi ta kaifi. Hukuma tana da nata, na tsaron hanya da wuta da irin auduga mai kyau, za mu kuwa komo kanta wani mako. Amma haɗa teloli da tsai da awo da biyan haƙƙi ba sai an jira Abuja ba.

Allah Ya ba mu sana'a ta halal, Ya tsare mu da cin gumin wani, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin. Wassalamu.