Ina Kuka Kai Yaran?

A zamanmu na karatu na watan jiya an karanto labarai huɗu, uku daga ciki bazawara ce tauraruwa. Na ɗauki bik ina bin ɗaya shafi-shafi. A shafi na biyu miji ya sake ta da ƴaƴa uku. A na uku yaran suka yi kuka. Daga nan ba mu ƙara jin ɗuriyarsu ba sai ranar ɗaurin aurenta da wani Alhaji mai mota, suka fito cikin sababbin kaya suna murmushi. Na ce wa mai labarin: ɗan'uwa, duk daren nan da take zance a ƙofar gida, wa ke riƙe da na goye? Ya ce wai wannan ba shi ne jigon labarin ba. To nan ne muke tabka ƙarya, mu duka, har da ni.

Mu biyar innarmu ta riƙe bayan rasuwar babanmu, da kaskon ƙosai. Tun kafin kiran asalatu ta tashi, ta kai wake niƙa, ta buga ƙullu. In zazzaɓin cizon sauro ya kama ƙanena cikin damina, ranar babu ciniki, kuma takardar likita guda ta isa ta cinye jarin sati. In watan Oktoba ya doso, barci ya ƙaurace mata: kaye, bik, takalmi, kowa da nasa. Sau biyu manema suka zo, sau biyu maganar ta mutu a wuri ɗaya: ba su son agola. Ba ta taɓa yanke shawara ba, babba ko ƙarama, sai ta bi ta kanmu.

Saboda haka ga gwaji mai sauƙi. Ɗauki labarinka, ka share yaran gaba ɗaya. In labarin ya tsaya daram, ba abin da ya gurgunce, to ba uwa ka rubuta ba. Budurwa ka rubuta, ka rataya mata yara don mu ji tausayinta, kamar yadda mai bara ke aron jariri.

Kada wani ya ce abin ba ya rubutuwa. Da yawanmu mun karanta Une si longue lettre na Mariama Bâ a lise, littafin da ya fito a 1979. Ramatoulaye malamar lakol ce a Dakar, ƴaƴa 12, mijinta Modou ya auri ƙawar ɗiyarsa ya juya musu baya. Mu tuna abin da ke cikin wasiƙar: kuɗin wuta da na ruwa, yadda ta koyi tuƙi, ranar da ta kama ƴan matanta uku suna shan taba, ranar da babur ya buge yaranta maza biyu, ranar da ta gane ɗiyarta Aissatou na da ciki tana ƴar makaranta, ta rungume ta maimakon ta kore ta. Cire yaran nan ka ga in littafin zai kai rabi. Kuma da Daouda Dieng ya zo neman aurenta, mutumin kirki mai abin hannu, ta ce a'a. Da mu ne da alƙalamin, wallahi da tuni an ɗaura, an rufe littafi.

In kuma kun ce ai wannan faransanci ne, to ga namu. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kwikwiyo Ne a Kano a 1990. Alhaji Abdu ya kori Rabi da ƴaƴanta tara saboda amaryarsa Delu. Rabi ba ta zauna jiran mai ceto ba, abinci ta shiga sayarwa, ta ciyar, ta yi ɗawainiyar karatu, ta aurar da Saudatu. Da gobara ta cinye dukiyar Alhajin, aka taru aka matsa mata ta koma. Mai karatu yakan rufe littafin yana jin haushi, kuma haushin nan shi ne ribar. Balaraba ba ta shafa mana zuma a baki ba, ta nuna yadda ake yi wa irin su Rabi.

Akwai ma abin da ban taɓa gani ba a labaranmu, alhali kowa ya san shi a unguwarsu. A wurare da dama al'ada ita ce yaro na kai kamar shekara bakwai, gidan uba su zo su ɗauke shi. Wato macen nan tana renon ɗa tana ƙirga shekarunsa da fargaba. Duk haƙorin da ya faɗi, ranar rabuwa ce ke matsowa. Wace soyayyar Alhaji ce ta kai wannan riƙe zuciyar mai karatu? Ga kuma matar da ba a sake ta ba, ba ta yi takaba ba, miji ya tafi Libiya ko Abijan shekara huɗu, sai saƙon murya jefi-jefi. Ita ba bazawara ba, ita ba mai miji ba. Ina take a takardunmu?

Maza kuwa abin ya fi muni. Matar tauraro na rasuwa, kafin a yi sadakar arba'in marubuci ya kwashi yaran ya kai wa kaka, ko ya shigo da muguwar kishiyar uwa don a samu mai dukan maraya. Ba a barin namiji ya kwana ɗaya da yaro mai gudawa. Gaskiya ne a wajenmu da wuya mutum ya yi reno shi kaɗai tilo, akwai kaka, akwai gwaggo, akwai maƙwabta. To a rubuta su mana! Taimakonsu ba kyauta ba ne, yana zuwa da gori, da sharaɗi, da ranar da gwaggo za ta ce ita ma ta gaji. Wannan ma labari ne.

Na san amsar da za a ba ni, don an sha ba ni ita a fada wajen shayi: rayuwa ta yi tsada, mai karatu hutu yake nema, bar shi ya yi mafarki. Ban hana kowa mafarki ba. Amma dubi abin da mafarkin ke koyarwa. Yarinyar da ta karanta irin labarin nan goma za ta ɗauka cewa mace mai ƴaƴa ba ta da ƙarshe mai kyau sai wani namiji ya sauko daga mota ya ɗauke ta. Yaron da ya karanta zai ɗauka cewa reno ba aiki ba ne, tunda tauraruwa na yin sa ba tare da lallen hannunta ya goge ba. Gobe shi ne zai saki mace da yara huɗu ya ce Allah zai ciyar. Ba na ƙin a aurar da bazawara a ƙarshen labari, aure ba laifi ba ne. Abin da nake ƙi shi ne a mai da shi sabulun wanke duk wahalar da aka ƙi nuna mana.

Ga roƙona kafin fitowa ta gaba. Duk wanda zai kawo labarin uwa ko uba mai reno shi kaɗai, ya ba kowane yaro suna da hali. Ya san nawa ake kashewa a gidan a wuni, da inda kuɗin ke fitowa. Ya bar yaro ya ɓata wa tauraruwa shiri ko sau ɗaya ne. Ya bar ta ta yi fushi, ta yi kuskure, ta yi dariya, don uwa mutum ce, ba waliyyiya ba. In bai san waɗannan ba, ba sai ya je laburare ba. Ya je wajen mai ƙosan bakin titinsu da asuba, ya gaishe ta, ya zauna.