Ciyawar Ado Ko Itacen Gida? Shawara Kan Farfajiyar Makarantarmu

Ya 'yan'uwa iyaye da ɗalibai, a zaman da aka yi kan gyaran farfajiyar makarantarmu an kawo shawarar a shimfiɗa ciyawar ado, irin ta gidajen manya, wai don wurin ya yi kyan gani. Ni kam ban goyi baya ba, ga kuwa hujjojina.

Da farko mu san asalin abin. Wannan ciyawa al'adar masu hali ce ta Ingila, ƙasar da ruwan sama ba ya yanke mata. Turawan mulki suka zo da ita unguwanninsu, mu kuma muka gada. To mu nan da muke yin wata bakwai ba ɗigon ruwa, da me za mu shayar da ita? Da kuɗin 'yan garuwa? Yara na layin alwala, mu kuma muna zuba wa abin da ba a ci, ba a sha, ba a zama a inuwarsa. In wannan ba almubazzaranci ba ne, to mene ne?

Su kansu masu abin sun fara dawowa daga rakiyarsa. A Amurka, a shekarar 2021, jihar Nebada ta kafa dokar cire ciyawar da ba ta da aiki sai ado a yankin Las Begas, saboda ruwan Kogin Kolorado ya ja baya. Mutane da yawa a can suna tuge ta suna dasa tsirran ƙasarsu na asali. Dalilinsu shi ne, yawancin ƙwari masu cin ganye ba sa cin sai na tsiron da suka saba da shi, tsuntsaye kuwa da tsutsa suke ciyar da 'ya'yansu. Inda ba tsiron gida tsutsa za ta yi ƙaranci, inda ba tsutsa tsuntsu ba zai yi sheƙa ba.

Mu kuwa Alhamdu lillahi ba mu rasa namu ba. Gawo yana zubar da ganye da damina ya zama taki, da rani ya yi kore ya ba da inuwa, dabbobi su ci 'ya'yansa. Kuka da ɗorawa jemagu ke yi musu barbara da dare, mu samu miya da daddawa. Furen magarya na kiran ƙudan zuma, ganyenta kuwa kowa ya san aikinsa wajen wankan mamaci. Ga tsamiya, ga aduwa, ga kanya. Da zarar sun kama ƙasa, ba ruwansu da ban-ruwa. Darbejiya ma baƙuwa ce daga Indiya. Ban ce a sare ta ba, amma kada ta zama ita kaɗai.

Wani zai ce, "Malam, ai macizai da sauro za ka tara mana." A'a. Ban ce a bar wuri ya zama kurmi ba. A ware kusurwa ɗaya, a kewaye ta, a riƙa share hanya, kada a bar ruwa ya kwanta. Sauro a kwantaccen ruwa yake haihuwa.

Shawarata ita ce, kowane aji ya ɗauki itace ɗaya a farkon damina, ya dasa, ya kare shi daga awaki, ya rubuta sunansa da ajami da boko a jikin allo. Yau akwai ɗalibin da bai iya bambanta gawo da bagaruwa ba, alhali da bagaruwar nan ake jima fatar da ke rufe littattafanmu. Wannan ma rashi ne.

Ina roƙon iyaye su duba wannan magana kafin a fitar da kuɗi. Allah Ya sa mu dace. Wassalam.