Ina Hotunan Taron Bara Suke?

Duk wanda ya saba halartar taruka a ƙasar nan, ko na yaye ɗalibai ne, ko na ƙaddamar da littafi, ko naɗin sarauta, ko walimar aure, ya san yadda masu ɗaukar hoto suke cika gaban dandali har su tare wa manyan baƙi gani. Ga kuma mahalarta, kowa ya ɗaga wayarsa. Da za a tara abin da ake ɗauka a yini guda, sai a samu dubbai. Amma mai karatu ya gwada komawa ofishin da ya shirya taron bayan shekara ɗaya, ya nemi hoton shugaban taro yana jawabi. Amsar da zai ji ba ta wuce uku: mai hoton ya tafi da su, ko kwamfutar ta lalace, ko an tura su a WhatsApp amma an canza waya.

A zamanin fim, nadi guda hoto 36 yake ɗauka, kuma kowane sai an biya kuɗin wanki, don haka mai hoto ba ya latsawa sai ya tabbata. Abin da aka wanke yakan shiga albam, wani lokaci har da suna da kwanan wata a bayansa. Yau latsawa kyauta ce. Wahalar ta koma wajen tantancewa da adanawa, aikin da ba wanda ake biya ya yi, saboda haka ba wanda yake yi.

A matsayina na ɗalibin ilimin harshe, abin da ya fi damuna shi ne batun suna. Kyamara takan raɗa wa hoto suna irin IMG_0457, idan lissafin ya kai 9999 sai ta sake farawa daga ɗaya. Ke nan mai hoton da ya daɗe yana aiki yana da hotuna da dama masu suna iri ɗaya, kuma ranar da ya zuba su wuri guda ba tare da lura ba, sabo yana iya danne tsoho. Maganin wannan ba ya cin ko kwabo. A buɗe wa kowane taro jakarsa, a fara sunan jakar da shekara, sai wata, sai rana, sannan sunan taron da garin: 2024-03-09 Yaye Dalibai Zariya, alal misali. Idan shekara ce a gaba, kwamfuta da kanta za ta jera jakunkunan bisa tsarin faruwarsu. Mai karatu zai lura na rubuta "Dalibai" babu lanƙwasa. Da gangan na yi, duk da cewa na shafe shekaru ina faɗa da ɗalibaina kan ɓ da ɗ da ƙ. A sunan fayil kam na sassauta, domin wanda zai zo nema gobe da wuya ya buga harafi mai ƙugiya, kuma a wurin na'ura "d" da "ɗ" haruffa biyu ne mabambanta. Haka nan a tsaya kan rubutu ɗaya na sunayen mutane. Wanda aka rubuta Muhammadu a wannan jaka, Mohammed a waccan, ya zama mutum biyu.

Sunan jaka kaɗai bai isa ba. Kyamara tana rubuta ranar ɗauka da lokaci a cikin hoton, in dai an saita agogonta, amma ba ta san waye ke zaune kusa da Sarki ba. Wannan sai mutum. Duk wanda ya taɓa bincike a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna ko a Gidan Arewa ya san darajar ɗan bayanin da ke ƙarƙashin hoto, ya kuma san takaicin kallon fuskar dattijon da ba a rubuta sunansa ba. Mun daɗe muna zargin Turawan mulkin mallaka da ɗaukar kakanninmu hoto ba tare da damuwa da sunayensu ba. To ga shi muna yi wa kanmu haka. Shafi guda da aka rubuta a makon da aka yi taro, mai ɗauke da sunayen waɗanda ke cikin muhimman hotuna daga hagu zuwa dama, a ajiye shi cikin jakar, zai yi wa mai bincike na shekara hamsin masu zuwa amfanin da hoto dubu marasa bayani ba za su yi ba.

Sai batun kwafi. Masana harkar suna da ƙa'idar da mai ɗaukar hoto ɗan Amurka Peter Krogh ya yayata, wato 3-2-1: kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. Mu da muke fama da zafi, da ƙurar hunturu, da wutar lantarkin da kan dawo da ƙarfi ta ƙone kaya, mun fi kowa bukatarta. Katin kyamara da filashi kayan ɗauko hoto ne zuwa ma'ajiya, bai kamata a bar musu amanar shekaru ba, balle ga jabunsu cike da kasuwa. Kwafi biyu a cikin ɗaki ɗaya kuwa, gobara ɗaya ko ɓarawo ɗaya ya ishe su.

Wasu za su ce ai intanet ta raba gardama. Ina da ja. Kamfanin Google ya daina ba da ajiyar hotuna kyauta mara iyaka tun 1 ga Yuni, 2021, abin da ya rage kyauta gigabait 15 ne, wanda wasiƙu da sauran takardu suke ci daga ciki. Hoto 2,000 masu nauyin megabait 8 kowanne sun kai gigabait 16, wato biki guda ya cinye kason har ya wuce. A 2019 Flickr ya taƙaita masu asusun kyauta ga hoto 1,000, a shekarar ce kuma MySpace ya amsa cewa ya yi asarar waƙoƙin da mutane suka ɗora masa cikin shekaru 12. WhatsApp kuwa matse hoto yake yi kafin ya tura, sai dai in an aika shi a matsayin fayil. Ma'ajiyar intanet tana da kyau a matsayin kwafi na uku, muddin ana biyan kuɗinta, kuma kalmar sirrin ba a kan mutum ɗaya take ba.

A ganina nauyin yana kan masu taro fiye da masu hoto. Jami'a ko masarauta ko ƙungiya da ta ɗauki mai hoto haya, ta rubuta cikin yarjejeniya cewa zai miƙa ainihin hotunan cikin mako biyu kafin a cika masa kuɗinsa, ta kuma ɗora wa ma'aikaci guda, da sunansa, alhakin karɓa, da zubar da masu dishi-dishi da maimaici, da buɗe ma'ajiyar sau ɗaya a shekara don a tabbatar tana aiki. Iyalai ma su yi irin wannan magana da mai hoton biki, su ƙara da sharaɗin abin da zai yi da nasa kwafin, domin hotunan kamu da sa lalle na matan gida ne, kuma kwamfutar mai hoto takan kwana a shagon mai gyara. Daga ƙarshe a zaɓi talatin ko arba'in mafi muhimmanci a wanke su a takarda, a rubuta sunaye da kwanan wata a baya da fensir, domin tawadar biro takan huda ta ɓata fuskar hoton.