Kallon Namun Daji a Waya: Me Yaranmu Suke Gudu?

Bayan sallar Isha'i, wani magidanci daga cikin masu sallah tare da mu a Illo ya dakata har jama'a suka watse, sannan ya matso ya ce, "Malam, yaron wajena yana da matsala, amma na rasa sunan da zan ba ta." Mun zaci maganar ƙwaya ce ko caca ko fina-finan batsa, domin su ne koke-koken da kunnenmu ya saba da su. Ashe ba ko ɗaya. Yaron, wanda ya gama sakandare shekara biyu da suka wuce, kwana yake yana kallon wata mashayar namun daji a hamadar Namibiya. An kafa kyamara a bakin ruwan, tana watsa abin da ke gudana kai-tsaye a YouTube dare da rana. Jimina ta zo ta sha ta wuce, dila ya leƙo ya koma, wani lokaci a yi awa guda ba abin da ya gilma. Shi kuwa yana nan ya ƙura ido. Asuba ta sha kuɓuce masa, ya daina zuwa fadama, ɗan abin da ya samu kuma ya ƙare a sayen data da cajin waya. Uban ya ce, "Da abin banza yake kallo, da na san faɗan da zan yi masa."

Ba a Illo aka fara wannan ba. Tun 2019 gidan talabijin na ƙasar Suwidin yake kafa kyamarori a daji kowace shekara, ya yi kusan mako uku yana nuna ƙaurar wasu manyan dabbobin ƙasashen sanyi masu kama da gwanki suna ƙetare kogi, miliyoyin mutane na kallo. Masu kallon suna cewa yana kwantar musu da hankali, kuma ba mu ƙaryata su ba.

Ta fuskar hukunci, ba mu ga hujjar da za a haramta kallon dabba da ita ba. Akwai surorin Alƙur'ani da ke ɗauke da sunan saniya da dabbobin ni'ima da ƙudan zuma da tururuwa da gizo-gizo da giwa. Aya ta 17 a Suratul Gashiya ta zargi waɗanda ba sa duban yadda aka halicci raƙumi, aya ta 38 a Suratul An'am kuma ta sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar mu. Hutu shi ma ba laifi ba ne. Imamu Muslim ya ruwaito yadda Hanzala ya ji tsoron munafunci saboda zuciyarsa takan sauka daga halin da take ciki a majalisin Annabi (SAW) idan ya koma cikin iyali da dukiya, aka nuna masa cewa kowanne da lokacinsa. Don haka uban da zai fasa wayar ɗansa yana cewa ya kama shi da haram, ya yi gaggawa.

Sai dai tuntuntuni cikin halittar Allah yana da alama, ita ce yakan dawo da mai yin sa. A ƙarshen Suratu Ali Imrana, masu hankalin da aka yaba da tunani cikin halittar sammai da ƙasa, tunanin nasu ya kai su ga tasbihi da addu'a. Wanda ya kalli giwa rabin awa, ya yi tasbihi, ya tashi ya kama aikinsa da ƙarfin gwiwa, ya amfana. Wanda kuma ya kashe wayar ƙarfe huɗu na dare, ƙirjinsa ya fi nauyi fiye da lokacin da ya kunna, ya kwanta ladan na kira, wannan ɓuya ya yi. Kallon kai-tsaye kuwa yana da wani ƙugiya da fim ba shi da shi. Fim yana ƙarewa, wasan ƙwallo minti 90 ne, amma mashaya ba ta tashi. Kullum zuciya tana cewa ƙara minti biyar, wataƙila yanzu wani abu zai fito. Daɗinsa mafi girma ma shi ne a can ba wanda ya san ka, ba mai bin ka bashi, ba mai gwada ka da sa'anka da ya yi aure.

To me ake gudu? Wanda ya san Illo ba ya buƙatar dogon bayani. Gari ne da ya rayu da hanya tun zamanin fataken goro masu bi ta nan zuwa Gwanja. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ba a fara buɗe su ba sai Disamban 2020, kuma a tsakanin aka hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. A Mayun 2023 aka janye tallafin mai, wata biyu bayan haka aka yi juyin mulki a Nijar, zirga-zirga tsakanin Malanville da Gaya ta tsaya. Ɗan kabu-kabu da ɗan dako da mai jirgin ruwa da mai sayar da abinci a tasha, duk abin ya taɓa tukunyarsu. Ga kuma fargabar Lakurawa, wadda tun harin Mera na Nuwamban 2024 ta shiga gidajen Kebbi. Saurayin da ya tashi cikin wannan, da takardar sakandare a hannu ba inda zai kai ta, idan ya sami wata duniya da ba a harbi ba a tambaya, ba abin mamaki ba ne ya tare a cikinta.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne, namun dajin da yaron ke nema a Namibiya, wasu ma da suka fi su girma suna nan kusa da shi. Yamma da Malanville akwai Gandun Dajin W, wanda ya ratsa Benin da Nijar da Burkina Faso, aka kuma sa masa sunan saboda lanƙwasar da Kogin Kwara ya yi a wurin mai kama da harafin W na boko. Tun 1954 aka keɓe shi. Yankin da yake ciki, tare da Arly da Pendjari, shi ne mafaka mafi girma da ta rage wa giwa da zaki a Afirka ta Yamma. Amma wa zai je yau? A Fabrairun 2022 bama-baman da aka binne a hanya sun kashe mutum tara a ɓangaren Benin, cikinsu har da masu gadin dajin. Ranar 17 ga Afrilun 2025 gwamnatin Benin ta rasa sojoji 54 a hare-haren da aka kai yankin. Dajin gaske ya zama maɓoyar masu bindiga, sai yaranmu suka koma na cikin gilashi. Shi ma na gilashin ba ya faɗin gaskiya duka. A tambayi manomin shinkafa ko masunci a bakin Kwara ko dorina abar kwantar da hankali ce.

Mu masu hawa mumbari muna da namu kason na laifi. Mun iya kirga sa'o'in da matasa ke ɓatawa, mun iya tunatar da su cewa za a tambaye su yadda suka ƙarar da ƙuruciyarsu, kuma gaskiya ne za a tambaye su. Amma sau nawa muka zaunar da ɗaya muka tambaye shi abin da ke cin sa? Baƙin ciki ba raunin imani ba ne. Annabi Yaƙubu (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, malaman tarihi kuma sun kira shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu Shekarar Baƙin Ciki. Idan mutum ya daina cin abinci, barci ya ƙaurace masa, ya guji mutane har makonni, ko ya fara zancen gajiya da rayuwa, a haɗa masa addu'a da ganin likita, kada a tsaya ga ɗaya. Wanda bai kai nan ba, a yi masa iyaka cikin mutunci: waya ta kwana a wajen ɗaki, kallon ya zama da rana kuma a bainar iyali, a ƙayyade kuɗin data, musamman da yake an amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025.

Mun zauna da yaron washegari a zauren gidansu. Da ƙyar ya buɗe baki. Da muka tambaye shi abin da yake samu a can, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, can ne kawai ba a tambayata me nake yi yanzu." Uban yana gefe, ya daɗe bai ce komai ba. Daga baya ya yi alkawarin daina yi masa gori a gaban ƙannensa, ya kuma yanka masa wani yanki na fadamar ya zama nasa, abin da ya noma nasa ne. Yaron ya amince wayar ta riƙa kwana a ɗakin mahaifiyarsa. Makon da ya wuce mun gan shi a sahun Asuba sau huɗu. Uban ya ce har yanzu yana kallon mashayar bayan La'asar, kuma jiya ya kira ƙaninsa ya nuna masa jimina.